Yaya Kadangare da Gudun Cikin Talabijin

Yayanmu mai fenti ne, amma ba irin masu fentin ɗaki da falo ba. Shi ake kira idan bene ya yi tsawon da sauran ma'aikata suka ɗaga kai suka ce a nemo wani. Tun yana yaro aka laƙaba masa Kadangare, don babu katangar da bai hau ba a unguwarmu, babu bishiyar da bai san reshenta na ƙarshe ba. Sunan ya bi shi har girma. Matarsa ma, wadda muke kira Anti, idan ya ɓata mata rai da shi take kiransa.

Mu uku Inna ta haifa: shi, sai ni, sai Auta. Auta tela ne, yana da ɗan shago a bakin titi, kuma ban taɓa ganin mutum mai tsoron bisa irinsa ba. Idan ƙwan fitila ya mutu a shagon, sai ya ja keken ɗinkinsa bakin ƙofa ya yi aiki da hasken rana har Yaya ya samu sarari ya zo ya canza masa. Yaya yana son wannan kiran fiye da yadda yake nunawa. Zai zo yana mita, ya taka teburin yanka da ƙafa ɗaya, ya murɗa ƙwan, ya diro, ya ce, "Kai dai Allah ya sawwaƙe maka." Ranar kuwa wuni zai yi cikin fara'a.

Ni na san dalili. A gidanmu wannan ne kaɗai abin da ya fi Auta da shi wanda ba a gardama a kansa. Auta ya fi shi baki mai daɗi, ya fi shi shiga ran mutane, kuma Inna ba ta taɓa ɓoye wanda ta fi so ba. Lokacin da Yaya ya gama fentin dogon benen bakin kasuwa, wanda masu wucewa suke tsayawa kallo, ya zo da kansa ya ce ta shirya ya kai ta ta gani. Ta ce ƙafa ke mata ciwo. Da yammar ranar Auta ya kawo mata riga da ya haɗa daga ragowar yadi, ta saka ta bi maƙwabta gida-gida tana nuna musu aikin wuyan. Yaya yana zaune yana goge fenti a farcensa da tsumma. Ya daɗe yana goge farcen da ya riga ya fita.

Abin da bene bai yi masa ba, bakin kwata ne ya yi masa. Wata rana ya sauko daga aiki lafiya lau, ya naɗe igiyarsa, ya tsallaka titi zai sayi ruwan sha, ƙafarsa ta zame a gefen kwata, idon sawu ya karye. Aka yi masa ɗori a asibiti, aka naɗe ƙafar har gwiwa. Ɗakinsu da Anti a sama yake, matakala ta gagare shi, dole aka shimfiɗa masa katifa a falon Inna. Masu zuwa dubiya kowa sai ya tambaya daga hawa na nawa ya faɗo. Da farko yana ba da amsa, daga baya sai ya juya fuska bango ya bar Anti da bayani.

Cikin wannan zaman ne Auta ya shigo da na'urar gem a cikin jaka. Wani abokinsa da ya yi ƙaura ne ya bar masa. Ya jona ta da talabijin ɗin Inna, ya ce, "Yaya, na kawo maka abin da zai ɗebe maka kewa. Wannan wasan kamar don kai aka yi shi."

Wasan na gudu ne da tsalle a saman gine-gine. Ruwa ya cinye titunan wani birni, mutane sun koma zama a saman benaye, kai kuma ɗan aike ne mai kai magani daga wannan rufin zuwa wancan, masu gadi suna bin ka. Abin da ya bambanta shi da wasannin da na saba gani a wayar yara shi ne, ba ka ganin mutumin da kake juyawa. Da idonsa kake kallo. Hannayensa kawai kake gani idan ya kama bakin katanga, sai ƙafafunsa idan ya zame a ƙarƙashin bututu. Kana jin numfashinsa da ƙarar takalminsa a kan kwano. An ɗaɗɗaura ƙyallaye masu ruwan ɗorawa a wuraren da za ka bi, don kada ka ɓata.

Auta ya ce bari ya nuna masa yadda ake yi. Ya zauna a ƙasa ya tanƙwashe ƙafa, ya riƙe rimot. Wallahi ni kaina sai da na kama hannun kujera. Yaron nan da ba ya iya taka tebur, ga shi yana gudu a jikin bango, yana dira daga tankin ruwa zuwa rufin wani gida, yana lilo da ƙarfe, bai tsaya ko sau ɗaya ba. Yatsunsa na tela ne, sun saba da ƙananan motsi. Da ya zo wani wawakeken rata tsakanin benaye biyu, ya yi tsalle, duk ƙarar wasan ta ɗauke, iska kawai kake ji, sai ga hannaye sun cafki bakin rufi.

Inna ta fito daga kicin da ludayi a hannu. Ta tsaya. Ta zauna a gefen kujera. Tukunya ta kusa ƙonewa ranar.

"Auta, kai ne kake wannan?" ta ce. "Kai, kai, kai! Ashe haka kake da zuciya? Ku duba min yaron nan!"

Na kalli Yaya. Ya haɗe rai kamar an zuba masa ruwa a bokitin fenti.

"Wannan bututun ba zai ɗauki mutum ba," ya ce. "Na roba ne. Da gaske ne da tuni ya ɓalle."

Idon kowa yana kan allo.

"Kuma ba a dira a kan kwano haka. Tsakiya ya taka, ba kan ƙusa ba."

"Kai dai bari mu gani," in ji Inna, ba ta ko juyo ba.

Da Auta ya miƙa masa rimot, ya karɓa yana murmushin wanda zai koya wa yara aiki. Taku na farko ya bugi bango. Ya juya, ya kalli sama, ya kalli ƙasa, allon ya yi ta juyi kamar fanka. Da ƙyar ya saita hanya, ya ruga, ya zo bakin rufi ya danna tsalle a makare, ya tafi ƙasa. Aka mayar da shi farko. Ya sake faɗuwa. Ya sake. A karo na ban san nawa ba, sai na ga gumi ya keto masa a goshi, fuskarsa ta canza. Ya ajiye rimot ya ce wa Anti ta miƙo roba, amai zai yi. Mutumin da yake cin abincin rana a rataye a jikin bene, ƙafafu suna reto, shi ne jiri ya kayar a kan katifa a falon uwarsa.

Anti ta yi ƙoƙari, ba laifi. Ta cije leɓe, ta shiga kicin, sai a can muka ji dariyar ta kuɓuce mata.

Daga ranar wasan nan ya zama abokin gabarsa. Kullum da yamma Auta zai rufe shago ya zo, Inna za ta gyara zama, maƙwabciyarmu mai kitso ma ta fara leƙowa. Yaya yana kwance a tsakiyarsu, ba damar tashi ya bar wurin, yana jera laifuffukan wasan ɗaya bayan ɗaya. Kuma in faɗi gaskiya, ba duka ne na hassada ba.

Ya ce wane irin gudu ne mutum ba ya ganin inda ƙafarsa take? Mai hawa da tafin ƙafarsa yake gani, ba da ido ba, nan kuwa sai ka yi ta canke ko ka kai baki ko ba ka kai ba. Wannan gaskiya ne, Auta ma ya sha faɗuwa a kan haka. Ya ce da zarar an shiga cikin gini wasan ya mutu, lungu ne da ƙofofi masu kama da juna, kana ta zagaye kamar ɓera. Nan ma gaskiya ne, a irin wuraren Inna take tashi ta duba girki. Ya ce faɗa da masu gadin nan shirme ne, kana kai duka kana dukan iska, an ɗauki mai gudu an tilasta masa dambe. Labarin kuwa, ya ce har yau bai gane wa ke ciwo ba da ake ta kai masa magani.

Abin da ya fi ƙona masa rai, Auta ba ya musu. "Haka ne, Yaya," zai ce, idonsa a kan allo. "Ni ma wurin faɗan nan ba ya min daɗi." Sai ya yi wani tsallen da zai sa mai kitso ta saki salati. Yaya yana neman wanda zai yi rigima da shi, ya rasa.

Wata safiya na dawo gida ɗaukar abin da na manta. Inna ta tafi dubiya, Anti tana shanya a sama. Na tarar da shi ya ja jiki har gaban talabijin, ƙafar ɗorin a kan matashi, ya rage ƙara, ya ajiye roba a gefe saboda ko-ta-kwana. Ya gan ni, ya yi kamar zai ɓoye rimot, sai ya fasa.

"Idan kika faɗa wa wani, ni da ke ne," ya ce.

Na zauna ina kallo. Ya daina buga bango. Yana faɗuwa har yanzu, amma akwai wani layin rufi da ya iya, daga tankin ruwa zuwa allon talla, ya bi shi a guje ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Da ya kai ƙarshe bai ci gaba ba. Ya tsaya a bakin rufin ya juya kallo ga birnin, ga ruwa a ƙasa yana ƙyalli, ga tsuntsaye suna wucewa ƙasa da inda yake tsaye.

"Kin ji wannan shirun?" ya ce. "Haka yake a sama. Hayaniyar titi tana zuwa kamar daga wani gari. Wanda ya haɗa abin nan ya taɓa hawa, ko kuma ya zauna da wanda ya hau." Ya juyo ya kalle ni. "Idan gudun ya ɗauke ka, ba ka tunanin hannu ko ƙafa, jiki ne kawai yake tafiya. Wannan sun same shi daidai. Ni shekara da shekaru ina neman yadda zan faɗa muku, ban iya ba. Auta kuma ya samu a jaka."

Na ɗauki abin da na zo ɗauka na fita.

Rigimar ta fashe ne ranar da ƙanwar Inna ta zo. Inna tana ba ta labari, ta ce ai sai ta tsaya ta ga yadda Auta yake tashi sama kamar tsuntsu. Yaya ya ɗaga kai daga matashi.

"Inna, ni fa da jikina nake hawa."

"Wa ya ce ba ka hawa?"

"Sau nawa na ce ki zo ki gani? Ko sau ɗaya kin taɓa zuwa? Amma wannan yana zaune a ƙasa yana danne-danne, kin tara masa unguwa."

Auta ya sunkuyar da kai yana wasa da igiyar na'urar. Inna ta dubi Yaya ta ce, "To in zo in ga me? In tsaya a titi ina kallon ɗana a rataye da igiya? Shi wannan idan ya faɗo, tashi yake ya sake. Kai idan ka faɗo wa zai mayar min da kai farko? Duk ranar da ka fita aiki, ni na san abin da nake ji har ka dawo."

Na ɗauka maganar za ta wanke masa zuciya. Ƙanwar Inna har da share ido. Shi kuwa ya daɗe yana kallon silin, sannan ya ce, "Ko hoton ginin ma ai da kin karɓa kin duba." Ya juya baya. Ya ji maganar, na tabbata ya ji ta, amma ba ita yake nema ba. So yake a yi masa irin ihun da ake yi wa Auta.

Sati ya zagayo, ya ƙalubalanci Auta a fili. A wasan akwai wurin tsere, mutum ya bi hanya ɗaya, na'ura ta nuna wanda ya fi sauri. Auta ya fara, ya yi nasa tsaf. Yaya ya karɓi rimot, kuma kowa ya yi mamakin yadda ya fara, har Anti ta tsaya da ninkin kaya. Sai da ya kai tsakiya muka gane dabararsa. Ya daɗe yana lura da wani ƙaramin rufi a gefe, wanda babu ƙyalle a kansa. A lissafinsa na mai hawa, idan ya dira can ya yanke kusan rabin hanya. Ya bar ƙyallayen, ya karkata, ya yi tsalle mai kyau, ya kai daidai bakin rufin. Hannayen ba su fito ba. Mutumin ya zame a jikin ginin kamar an shafa masa sabulu, ya tafi ƙasa.

"Ai ba a bin nan, Yaya," in ji Auta a hankali. "Ado ne kawai. Ni ma na gwada."

"Ado?" in ji Yaya. "Sun zana gari guda, sun ce ka je inda kake so, ashe hanya ɗaya ce tal? To ina amfanin ido? Wannan ai ba hawa ba ne, hadda ce!"

Ya tura rimot gefe, ya faɗa kusa da ƙafar Anti. Ta ɗauka za ta ajiye, sai ta tsaya. Ta ce bari ta taɓa ta ji. Ashe duk safiyoyin da yake ɓoyon koyo, ita ma idan barci ya ɗauke shi takan zauna ta gwada. Ba ta kai Auta ba, amma ta bi ƙyallayen ɗaya bayan ɗaya, ba gardama, ba neman yanke, ta kai ƙarshe ba ta faɗi ba. Inna ta tafa hannu. Yaya ya kalli matarsa kamar yau ya fara ganinta.

"Ke ma?" ya ce.

"Ni ai inda aka ce in bi nake bi," ta ce. "Kai ne kake son ka koya wa talabijin aiki."

Kwana biyu bai ci abincinta da daɗin rai ba.

Ƙafa ta warke, aka kwance ɗori. Ya koma aiki, da farko ƙananan gidaje, daga baya ya koma benayensa, duk da idon sawun yana yi masa tsami idan gari ya yi sanyi. Na'urar ta zauna a falon Inna. Na zaci ba zai sake kallonta ba, amma duk ranar da ba shi da aiki yana gabanta. Jirin ya bar shi. Ya haddace hanyoyin da ya zaga da sunan hadda. Ya daure ya wuce lungunan cikin gini da damben masu gadi yana tsaki. Da ya kai ƙarshen wasan ya zauna yana kallon sunayen waɗanda suka haɗa shi suna hawa allo, ya ce, "Shi ke nan? Ɗan wannan?" Ya ƙara wannan a cikin laifuffukan, wai ya yi gajarta. Washegari ya faro shi daga farko.

Tseren ne ya ƙi ba shi. Sakamakon Auta yana nan a saman allo, ya yi ta matsowa kusa da shi amma bai taɓa wuce shi ba. Auta kuwa tuni ya manta da wasan. Ya koma na ƙwallo a wayarsa, ga aiki ya yi masa yawa a shago, ga maganar aure da ya fara. Ranar da Yaya ya zo gab da kamo shi, ya sa na kira Auta a waya ya zo ya kare matsayinsa. Auta ya yi dariya ya ce, "Yaya har yanzu yana kan wannan? Ki ce masa na bar masa, ya ɗauka shi ya ci." Na faɗa masa yadda aka faɗa min. Ban taɓa ganin kyauta ta ɓata wa mutum rai irin wannan ba.

"Ya bar min," ya ce. "Ji min yaro. Wa ya roƙe shi?"

Makon da ya wuce na dawo gida da rana. Yaya yana zaune a ƙasa, fenti fari a gashin hannunsa, yana bin layin tankin ruwa. Inna tana kan kujera tana tsince wake a faranti, tana ɗaga kai jefi-jefi. Ya zo babban ratan nan, ya ɗauki gudu. Inna ta saki waken ta dafe ƙirji.

"Auta, bi a hankali!"

Ya dakatar da wasan, mutumin yana tsakiyar iska. Ya juyo.

"Ni ne, Inna."

"Na sani," ta ce, ta jawo farantinta. "To kai ma bi a hankali."